TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 9: Takarda a Bayan Hannu

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya ne a daren da Abban yara ya zaunar da ni bayan isha'i ya faɗa min maganar ƙarin aurensa, na ce Allah ya sanya alheri, na tashi na shige ɗaki. Yau ba maganar auren zan ɗora ba tukuna. Akwai abin da ya riga amaryar shigowa gidan, in na tsallake shi ba za ku gane sauran labarin ba.

Ku riƙe min wannan lissafin, don daga baya ni kaɗai na yarda da shi: jikina ya fara canzawa kusan wata biyu kafin ya furta maganar nan. Na haifi 'yata ta uku a watan Mayun 2018, na yi arba'in lafiya, na koma firamaren da nake koyarwa. Wajen watan Oktoba ƙirjina ya fara dukan tara-tara. Ba faɗuwar gaba irin ta tsoro ba, wadda ke zuwa ta wuce. Wannan ba ya wucewa. In na kwanta da dare sai in riƙa jin bugun a kunnen da na ɗora kan filo, kamar ana daka a maƙwabta, in juya ɗaya ɓarin, can ma shi ne.

Da hunturu ya shigo abin ya fito fili. Kun san sanyin Kano a Disamba, yara cikin rigunan sanyi, kowa na neman bakin murhu. Ni kuwa fanka nake kunnawa, in babu wuta in ɗauki mafici, zufa na bin bayana. Ga ci kamar gara. Malmala uku ta tuwo ba ta kai ni asuba, sai na tashi tsakar dare na jiƙa gari. Duk da haka rama nake yi. Daga kilo 68 na dawo 57, zoben aurena ya koma yatsan tsakiya. A aji in na ɗauki alli sai baƙaƙen su fito a karkace, har wata rana wani yaro ɗan aji uku ya ce, "Malama, hannunki rawa yake yi." Na daka masa tsawar da har yau ina jin kunyarta. Haka na zama a lokacin, abu kaɗan sai faɗa, in gama faɗan in zauna in yi kuka.

Neman magani kuwa, inda kowa ke farawa nan na fara. Mai kemis ɗin layinmu ya ce maleriya da taifot, ya yi min allurai. Sati uku na koma, ya sake cewa taifot ɗin ce ba ta fita ba. Wani asibitin kuɗi suka ɗebi jini, suka ce taifot, suka ɗaura min ƙarin ruwa leda biyu. Wani wurin aka ce olsa ce, tunda ina yawan jin yunwa, aka hana ni yaji da tsami. Akwai abu ɗaya da nake tunawa yanzu raina ya sosu. Na'urar awon jinin nan mai batir lamba uku take nunawa. Nas ɗin takan kwafe biyun sama ta ce jinina lafiya lau. Ta ƙasan, wadda na gani da idona ta nuna 124, ban san ta bugun zuciya ba ce. Da na tambaya sai ta ce, "Kin yi sauri ne a hanya." Alhali na fi awa guda a zaune kan benci.

Da maganar auren ta fasu, shi ke nan, kowa ya samu sunan ciwona. Hajiya, mahaifiyar Abban yara, ta zo duba ni, ta ƙare min kallo ta ce, "Ke 'yar nan, ki sa wa ranki salama. Ba a kanki aka fara ba. Kishi kumallon mata, in kika biye masa kashe ki zai yi." Na ce, "Wallahi Hajiya tun kafin maganar nake jin haka." Ta yi murmushin da manya ke yi in sun ga yaro na kare kansa. Wani likita ma da na gani, yana jin cewa maigidana zai ƙara aure sai ya ajiye biro ya ce damuwa ce, ya rubuta min maganin barci. Ko wuyan hannuna bai riƙe ba.

Innata kuma nata ganin daban. Ta lura idanuna sun ɗan firfito, ina kallon mutum kamar a razane, ta ce wannan ba na asibiti ba ne, hannu aka sa min. Aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi, aka kira mai ruƙiyya. Yana karatu hannuwana na karkarwa a kan cinyata, matan gidan suna kallon juna, wai ga shi nan ya fara motsi. Ban raina addu'a ba, ita ta riƙe ni a watannin nan, kuma Inna son da take min ne ya sa ta sayar da tunkiyarta. Amma ni na san karkarwar nan da ita na kwana, da ita na tashi, ba karatun ne ya tayar da ita ba. Sai dai wa zai saurari macen da za a yi wa kishiya? Har ta kai ni kaina na fara zargin kaina. In ce ko dai kishin ne da gaske, na ɓoye wa zuciyata shi, ita kuma ta ƙi rufa min asiri.

A watan Maris ɗin 2019, muna tsaye a asambile, na ji ƙasa na juyawa, na dafa bango na sulale. Shugabar makarantarmu, Allah ya saka mata da alheri, ba ta tsaya shawara da kowa ba. Ta sa ni a motarta sai asibitin koyarwa.

Likitan da muka samu dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya gaggawa. Ya kama wuyan hannuna, ya zuba wa agogonsa ido, ɗakin ya yi tsit har minti guda ya cika. Ya ce, "132. Malama, babban mutum in yana zaune yana hutawa, tsakanin 60 zuwa 100 zuciyarsa ke bugawa a minti. Taki gudu take yi ke kina zaune." Ya tambayi yaushe na haihu, na yi wankan jego, na sha kunun kanwa, ƙafafuna na kumbura, ina iya kwanciya ba tare da na tara filo ba. Ya ce akwai ciwon zuciyar da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, zuciya ta buɗe ta yi rauni, kuma yankinmu na cikin inda ya fi yawa a duniya, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suke rubutu a kansa. Shi ya fara zargi. Aka manna min wayoyi a ƙirji aka yi ECG, aka yi hoton zuciya da suke kira eko. Zuciya ta fito daidai girmanta, tana matsawa da ƙarfinta. Saurin ne kawai.

Sai ya ce in miƙe hannuwana gaba, in buɗe yatsu. Ya yago takarda daga littafinsa ya ɗora a bayan hannuna. Takardar nan ta kama kaɗawa, kar-kar-kar, ana jin ƙararta a ɗakin. Ya taɓa tafina, ya ji shi da ɗumi da danshi. Ya ce in sassauta hijabina. Ya ba ni ruwa a kofi ya ce in guntsa kada in haɗiye, ya zagaya bayana ya ɗora yatsunsa a gaban wuyana, sannan ya ce, "Haɗiye." Na ji wani abu ya yi sama a ƙarƙashin yatsunsa ya dawo. Wata biyar ina yawon asibitoci, ba wanda ya taɓa cewa in buɗe wuyana. Ni ma da nake wanka kullum ban lura ya yi kauri ba.

Ya rubuta gwajin jini, TSH da T4, kuɗinsa ya ci wani babban yanki na albashina. Ya tambaye ni ko ina da asma, na ce a'a, sai ya ba ni Propranolol ya ce zai rage gudun kafin sakamako ya fito. Daren nan na ɗora kunne a filo na ji shiru. Na daɗe ina sauraron shirun kafin barci ya ɗauke ni.

Ranar karɓar sakamako na ce wa Abban yara ƙafata ƙafarsa. Likita ya zana mana wani abu a takarda mai kama da malam-buɗe-littafi, ya ce wannan ita ce tayirod, a gaban maƙogwaro take, ita ke fitar da sinadarin da ke saita saurin aikin jiki. Tawa ta wuce gona da iri, T4, wato sinadarin da take fitarwa, ya yi sama sosai, TSH kuwa, wanda ƙwaƙwalwa ke aikowa don ya umarce ta, ya yi ƙasa har na'ura ta kusa kasa ganinsa. "Kamar injin markaɗe ne da aka bari a kunne dare da rana," in ji shi. "Zai ci mai, zai yi zafi, zai yi ta jijjiga." Yunwar, ramar, zufar, faɗan, rashin barcin, har idanun, duk abu guda ne. Sunansa ciwon Graves, sunan wani likitan ƙasar Ayilan da ya bayyana shi a 1835. Garkuwar jikin mutum ce ke rikicewa ta riƙa zuga tayirod ɗin. Ya fi kama mata nesa ba kusa ba, kuma yakan taso a shekarar da mace ta haihu. Ya ce ba irin maƙoƙon da iyayenmu suka sani a ƙauye ba ne, wanda rashin sinadarin aidin ke kawowa har aka koma sa shi a gishiri. In aka bar irin nawa ba magani, zuciyar da ke lafiya yau tana iya gajiya.

Na ce, "Likita, kishi yana kawo shi?"

Ya dube ni, ya dubi Abban yara, ya gane inda tambayar ta dosa. Ya ce, "Tashin hankali na iya ƙara masa wuta. Amma Alhaji, wannan ciwo ne, ga shi a jini. Ba hali ba ne." Abban yara ya sunkuyar da kai yana juya makullin mashin a hannunsa. Ni kuwa hawaye kawai nake, ba na baƙin ciki ba. Na karɓi takardar sakamakon na ninke ta huɗu na sa a jaka, a raina ina cewa sai Hajiya ta gan ta ko da ba za ta iya karantawa ba.

Ya ce maganin gaske shi ne Carbimazole, za a sha shi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ana gwada jini ana rage shi. Ya ja kunnena sau biyu: duk ranar da na ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, in ajiye maganin in taho a duba jinina a ranar, kada in tsaya kemis, domin wani lokaci yakan karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Ya jawo takardar magani, ya rubuta harafin farko, sai ya dakata ya ɗago.

"Malama, yaushe rabonki da al'ada?"

Na ce ai tun da ciwon nan ya kama ni ta rikice, ta dawo bayan haihuwa, ta riƙa zuwa kaɗan-kaɗan, yanzu kuma wata biyu ke nan ban gan ta ba. Ya ce ciwon kansa yana yin haka. Amma wannan maganin ba a son sa a watanni ukun farkon ciki, akwai wani da ake bayarwa a madadinsa, don haka ba zai ƙarasa rubutun ba sai ya tabbatar. Ya rufe biron, ya miƙo min 'yar ƙaramar roba ya nuna min ƙofar banɗaki.

Saura kwana 19 ɗaurin auren Abban yara, 'yata kuma ko wata goma sha ɗaya ba ta cika ba. Na karɓi robar, hannuna na rawa, wannan karon ban san ko ta ciwon ce ba.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.