Bututun da na bi da shi ta bayan kaskon suya

Kicin na farko da maigidana ya bar mini wayarin ɗinsa ni kaɗai na wani gidan abinci ne a Kano, lokacin ina shekara ta uku a hannunsa. Ranar da na shiga ɗakin fayau yake, bango fes, ko tukunya ɗaya babu. Na duba inda akwatin bireka yake, wato na'urar da ke yanke wutar lantarki in ta yi wa waya yawa, na duba inda za a ajiye firiza da injin markaɗe da tandar lantarki, na ɗauki alli na ja layi mafi kusa. Bututun roba mai milimita 20 na ɗora a kan bangon, ya sha kwana sau uku a tsakanin akwati da akwati, saboda ina son in rage kuɗin kaya a yabe ni.

Tun a wurin jan waya aikin ya fara nuna mini hali. Na cusa waya mai kaurin lamba 6 guda uku da mai kaurin 2.5 guda uku a bututu ɗaya, yaron da ke turawa yana nishi, ni ina ja kamar mai jan guga a rijiya mai zurfi. Da ta cije a kwana ta uku sai na naɗe igiyar jan a hannu na fizga. Ta fito. Ban san rigarta ta kuje a ciki ba.

Wata huɗu aka yi, Hajiya mai gidan abincin ta kira maigidana, wai bireka na faɗuwa kullum da azahar, daidai lokacin da mutane suka cika. Muka je tare. Ɗakin da na sani ba shi ba ne: manyan kasake biyu na suyar kaji sun jingina da bangon da bututuna ya bi, tururin shinkafa ya rufe silin, ƙasa jiƙe sharkaf. Bututun ya yi laushi ya lanƙwasa tsakanin maƙalai kamar taliyar da ta dahu. Da muka buɗe akwatin ƙasa, ruwa ne baƙi haɗe da maiƙo ya zubo, har da kyankyasai.

Maigidana bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan. Ya ce, "Kai, wa ka tambaya kafin ka ja layin nan?" Na ce zanen da aka ba ni na bi. Wata dattijuwa cikin masu girki, tana juya miya ko waiwayowa ba ta yi ba, ta ce, "Ɗan nan, da ka tambaye ni da na gaya maka nan wuta take kwana."

A hanyar komawa ya yi mini lissafin da har yau nake aiki da shi. Wayar da muke saya mai rigar robar PVC an yi ta ne ta jure zafin digiri 70, kuma adadin wutar da aka rubuta tana ɗauka an auna shi ne a wuri mai digiri 30. In wurin ya kai 50, abin da za ta ɗauka lafiya ya koma kashi 71 cikin ɗari. To bayan kaskon suya a watan Afrilu a Kano fa? Ga kuma wayoyi shida a matse suna dumama juna. Shi ya sa ake cewa kada waya ta ci fiye da kashi 40 na cikin bututu, kuma in bututu ya sha kwana sau biyu a sa akwatin jan waya. Da ina ganin ƙa'idar nan ta masu littafi ce kawai.

Kwana biyu muka yi muna warwarewa, da dare, bayan an rufe. Muka koma bututun ƙarfe mai milimita 25, muka bi ta ɗaya bangon duk da nisan ya kusa ninkawa. Tanda ta samu layinta ita kaɗai, firiza ma haka, don in wani abu ya faɗi kada nama ya lalace. Soket duk muka ɗaga su sama da inda ruwan wanke-wanke ke kaiwa, masu murfi, muka sa na'urar da ke yanke wuta in ta zurare da miliamfa 30. Ko da bututun ƙarfe ne, sai da maigidana ya sa na ja wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa, daban a ciki, domin a wurin da ake wanka da ruwan omo kowane dare, tsatsa kan ci mahaɗa ba tare da kowa ya lura ba. Kuɗin kayan daga aljihunsa ya fita, kuma bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Yanzu in aka kira ni kicin, ba na taɓa alli sai na zauna da masu girki. Ina kasko zai zauna, ta ina ake watsa ruwa, me Hajiya ke shirin sayowa baɗi. Wasu masu kwangila suna ganin ɓata lokaci ne. Makon jiya wani ya tarar da ni a kan benci ina shan kunun da wata mai girki ta zuba mini, tana nuna mini da ludayi inda tukunyar tuwo za ta koma.