Rim 19 a kan Golf GTI: abin da hanyar Kumasi ta yi min

Duk mai Golf GTI da zuciyarsa ke raya masa ya ɗora rim mai inci 19 a garin nan na Accra, ya tsaya ya ji nawa tukuna kafin ya kwashi kuɗinsa ya nufi kasuwar kayan mota ta Abossey Okai. Tawa Mk6 ce, wato ƙirar Golf ta shida, hom yus (wadda aka yi amfani da ita a waje) daga Amurka, injin 2.0 mai turbo, ta zo da rim ɗinta na kamfani 17 da taya 225/45, kuma wallahi babu abin da ke damunta. Ido ne kawai. Ranar Sallah ka ga samarin Nima da Maamobi kowa ya cika ƙafar motarsa da manyan rim suna ƙyalli, sai ka ji taka ba ta kai ba.

Wanda na saya ba orijina ba ne, kwafi ne, na sani tun a shago. Mai shagon cewa ya yi "Massa, huji biyar ne, 5x112, cif zai zauna", kuma ya zauna ɗin. Abin da ya ɓoye min shi ne hujin tsakiya, nasa milimita 66.6 ne irin na Benz, ita kuwa Volkswagen 57.1 take ci, to rim ɗin a kan notuna kawai yake rataye. Ina hawa motowe ta Tema allura na kusantar 100 sitiyari ya fara kaɗa min hannu, aka yi balansin aka sake yi a banza, sai da wani fita a Kokomlemle ya sa zoben da ke cike gibin nan sannan ta natsu. Shi ne ma ya nuna min notin kamfani ƙasansa zagaye ne, rim ɗin kasuwa kuma mazauninsa mai tsini ne, dole aka canza notuna. Wannan duk ƙananan abubuwa ne.

Gaskiya ɗaya ba zan ɓoye ba, a kwanonin hawan Aburi, daga Ayi Mensah zuwa Peduase, motar ta yi daɗi. Kana taɓa sitiyari ta amsa, babu wannan ɗan jinkirin da gefen taya ke lanƙwasawa kafin mota ta bi. Amma a fitilar hanya, idan kore ya kama na taka, sai in ji ta yi nauyi, ba ta zabura yadda ta saba. Na ɗauka zuciyata ce, sai ranar da na ɗaga rim 17 da hannu na ɗaga 19 ɗin, bambancin har a kugu na ji shi. Nauyin da ke cikin ƙafa ba irin na buhun shinkafa a but ba ne, injin ne zai juya shi, birki ne zai tsayar da shi, shokab kuma shi zai danne shi ƙasa duk lokacin da ya yi tsalle, shi ya sa a hanya mai gargada motar ke ta tsalle-tsalle maimakon ta riƙe ƙasa. Fetur ma motar ta ƙara sha.

To ga inda abin ya ci ni. Tafiya Kumasi biki, dare ya same ni bayan Nkawkaw, babbar mota ta haske min ido, ban ga ramin ba sai dai na ji ƙara gau a gaban dama. Ba gudu nake ba fa, irin ramin da da rim 17 na sha faɗawa motar ta ce dum ta wuce. Na tsaya na haska da waya, gefen tayar ya tsage, leɓen rim ta ciki ya lanƙwashe, iska na fita ina jin ta. Da safe na gano ta baya ma ta yi ƙulu a gefe kamar ƙwan kaza, wadda ke nufin zaren cikinta ya tsinke, babu facin da zai yi mata. Rami ɗaya, taya biyu da rim ɗaya.

Sai a lokacin na zauna na yi lissafin da mai shagon bai yi min ba. Lambar da ke bin 225 a jikin taya, kamar 45 ko 35, tsayin gefen tayar ne a matsayin kashi cikin ɗari na faɗinta. 225/45 gefenta ya kai milimita 101, 225/40 ta rim 18 milimita 90, ita kuwa 225/35 ta rim 19 milimita 79 kacal. Tsayin ƙafar gaba ɗaya kusan ɗaya ne, shi ya sa agogon gudu bai ruɗe ba, amma roba da iskar da ke tsakanin rim da bakin rami sun ragu da milimita 22, kuma wannan ɗan abin shi ne ke shanye duka. Idan babu shi rim ne zai sha, bayan rim sai bol join da bushin, su ma na canza su ba da daɗewa ba.

Neman 225/35 R19 a Kumasi kuwa wani aiki ne. Na zaga Suame Magazine, unguwar makanikai da masu kayan mota, da sifeya a ƙafa, kowane bokanaiza ya ce 17 akwai, 16 kamar ƙasa, 19 sai an aiko daga Accra. Da aka samo hom yus guda, na duba lambobi huɗun nan na jikinta masu nuna sati da shekarar da aka yi ta, tsohuwa ce tukuf, robar ta bushe, kuɗinta kuma ya fi na sabuwar 17 a wasu shagunan. Wani dattijo mai miƙe rim ya duba nawa ya ce "yarona, zan miƙe maka, amma irin wannan ƙarfen in ya sake shan duka tsagewa zai yi". Ya miƙe shi, amma rim ɗin ya ci gaba da sace iska a hankali, kowace safiya sai na tsaya an ƙara.

Da na dawo na ciro rim 17 ɗina daga ɗakin ajiya, Allah Ya sa ban sayar ba, na haɗa kuɗi na sa musu sababbin taya masu kyau guda huɗu, ba hom yus ba. Na koma hanyar Aburi, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan: motar ta fi riƙe kwana fiye da lokacin 19, musamman da ruwa ya jiƙa hanya. Sitiyarin bai kai wancan kaifi ba, na yarda, amma riƙon ƙasa ashe daga robar yake, faɗin tayar ai 225 ne duk biyun, rim bai ƙara min ko yatsa ɗaya a ƙasa ba.

In dole sai ka ƙara, tsaya a 18, kamfanin ma da kansa ya fitar da Mk6 da shi, ka nemi orijina mara nauyi, ka tambayi hujin tsakiya da ofset (yadda rim zai shige ciki ko ya fito waje) kafin ka biya, kuma kar ka bar iska ta yi ƙasa ko na kwana ɗaya. Nawa 19 ɗin uku lafiyayyu da guda mai ciwo suna jingine a bayan gida, wani yaron unguwa yana ta zarya yana so, na gaya masa sai ya fara zuwa Suame ya tambayi kuɗin tayarsu ya dawo mu yi magana.