Yadda na zaɓi furosesa don kwamfutocin wata masana'antar shinkafa a Kano

A shekarar 2022 aka kira ni wata masana'antar casar shinkafa a unguwar Sharada, domin kwamfutar da ke kula da sikelin manyan motoci ta sake mutuwa. Da na kwance ta, sai na tarar fankar ta daina juyawa, ƙurar hunturu da garin ƙaiƙayi sun haɗu sun yi dunƙule kamar an liƙa auduga a kan ƙarfen sanyaya furosesa, wato ɗan guntun da ke yi wa kwamfuta duk lissafinta. Kwamfutar ofis ce, furosesarta na fitar da zafin wat 65, aka kulle ta cikin akwatin ƙarfe a ɗakin da rufin kwano ke gasa shi tun hantsi. Mai masana'antar ya ce mini, “Injiniya, ka nemo mana mai ƙarfi wadda ba za ta riƙa ba mu kunya ba.” Na ce, “Ranka ya daɗe, ba ƙarfi ne ya gaza ba, numfashi ne ya gagare ta.”

Kafin na buɗe kundin kowane kamfani, sai da na bar ma'aunin zafi cikin akwatin har mako guda a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40 a inuwa, kuma abin da na gani a ciki ya wuce digiri 50 da rana tsaka. Wannan ya yanke mini rabin shawara, domin dole ne kwamfutar ta kasance marar fanka, wadda gangar jikinta ta alminiyam ke kwashe zafi, kuma irin wannan gangar jiki ba ta jure furosesa mai cin wuta da yawa a ɗaki mai zafi. Saboda haka na taƙaita kaina ga waɗanda ba su wuce wat 12 ba.

Ayyuka biyu ne a gabana: sikelin motoci, da kuma karanta zafin tukwanen turara shinkafa da injinan busarwa ta layin wayar sadarwa na RS-485 da Modbus, yaren da na'urorin masana'antu ke magana da shi. Zuciyata ta fi karkata ga furosesoshi dangin ARM, musamman i.MX 8M Plus na kamfanin NXP, mai ƙwaƙwalwa huɗu ta Cortex-A53, saboda ƙarancin cin wutarsa da kuma tsarin kamfanin na ci gaba da ƙera irin waɗannan kayayyaki shekara goma zuwa goma sha biyar. Har na fara lissafin kuɗi kafin na tuna da tambayar da ya kamata na fara yi, wato wace manhaja ce za ta zauna a kai. Manhajar sikelin tsohuwa ce, an rubuta ta don Windows a kan furosesa irin x86, wato dangin da kwamfutocin ofis suka saba amfani da shi, tana da makullin lasisi da ake soka wa a kafar USB, kuma akawun da ke buga rasit ya shafe shekaru yana aiki da ita. Sauya ta na nufin sayen sabon lasisi da sake horar da mutane a tsakiyar kakar sayen shanshera, lokacin da motoci ke layi tun asuba. Nan ARM ya fita daga batun sikeli, ba don wani aibu nasa ba.

A ɓangaren x86 kuwa, kasuwa cike take da ƙananan akwatunan kwamfuta masu furosesa Celeron J1900, mai ƙwaƙwalwa huɗu da wat 10, ga araha, kuma aikin sikeli ba zai ko sa shi gumi ba. Abin da ya hana ni shi ne shekarunsa: tun 2013 ya fito, ba ya cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su, ni kuwa ina sayen abin da nake so a iya samun madadinsa bayan shekara bakwai ko takwas. Na duba Ryzen Embedded V1605B na AMD, wanda ke aiki tsakanin wat 12 da 25 kuma ya yi fice wajen hoto, har yana iya ɗaukar allon kallo huɗu, amma mu allo ɗaya muke da shi, kuma lambobi kawai yake nunawa. Daga ƙarshe na tsaya a kan Atom x6413E, daga jerin da Intel ya fitar a 2020, mai ƙwaƙwalwa huɗu da wat 9, na ɗora masa Windows 10 IoT Enterprise LTSC 2021, wadda Microsoft zai ci gaba da yi wa gyaran tsaro har Janairun 2032, alhali Windows 10 ta gama-gari wa'adinta Oktoban 2025 ne.

Aikin karanta zafi bai ba ni wahala ba. Wani ƙaramin allon kwamfuta mai furosesar AM335x ta Texas Instruments, wadda ta fito tun 2011 da ƙwaƙwalwa ɗaya ta Cortex-A8, ya ishe shi da manhajar Linux a madadin Windows, domin tambayar 'yan na'urori sau ɗaya a daƙiƙa ba aiki ba ne ga kowace furosesa ta wannan zamani. Tsufansa bai dame ni ba kamar na J1900, tunda babu Windows da za ta juya masa baya.

Kuskuren da na yi kuwa ba a furosesa yake ba. Na zuba ido kan abin da aka rubuta game da juriyar zafinta, na manta cewa akwati ba furosesa kaɗai ba ne. Domin rage kuɗi, na sa ma'ajiyar bayanai ta SSD irin ta kwamfutar gida, wadda aka tsara don digiri 0 zuwa 70, maimakon ta masana'antu da ke jure daga 40 ƙasa da sifili zuwa 85, kuma a akwati marar fanka tana kwance ne kusa da wurin da ya fi ko'ina zafi. Sannan ban yi tanadin ɗauke wuta ba, alhali a kowace rana akwai 'yan daƙiƙoƙi tsakanin tafiyar wuta da tashin janareto. Wata safiya kwamfutar ta ƙi tashi, akawu ya koma rubuta nauyin motoci da biro a littafi, direbobi suna ta ƙorafi a bakin taga. Ban ga wanda zan ɗora wa laifi ba sai kaina. Na canza ma'ajiyar da ta masana'antu, na haɗa ƙaramin batir a layin wuta mai bolt 24 wanda ke riƙe kwamfutar har janareto ya kama, a allon Linux ɗin kuma na kulle ɓangaren manhaja ta yadda ba a rubutu a kansa sai karatu.

Akwai kuma darasin da ƙarancin kayan lantarki na 2021 da 2022 ya koya mini, lokacin da masu sayarwa ke cewa a jira watanni kafin kaya su iso. Na roƙi Alhaji mai masana'antar ya amince a sayi akwati na biyu iri ɗaya sak, a kwafe masa manhajar duka a ajiye. Ya ɗan yi jim, ya ce kuɗi ne za su kwanta ba sa aiki, na tuna masa ranar da aka koma biro da littafi, sai ya sa hannu. Akwatin na nan a sito cikin ledarsa, kuma duk ƙarshen damina nakan je in kunna shi na awa guda, in tabbatar yana buga rasit, in mayar da shi.