Mastas ɗin da ba shi da gida

Duk wanda ke shiga kasuwar Mile 12 da sassafe ya san yadda tumatir ke isowa Legas. Mota ta kwana tana tafe daga Kano ko Zariya, a zo sauke kwanduna ka tarar na ƙasa ya riga ya zama ruwa, dillali na ta faɗa da 'yan dako, mai kaya kuma na gefe da waya a kunne yana lissafin asara da mutanen gida. Toh in wani yaro ya ce zai yi karatu mai zurfi a kan wannan asarar, wane sashe na jami'a zai nufa? Malamin aikin gona zai ce masa matsalar iri ce da lokacin tsinka, na tattalin arziki ya ce kuɗin mota ne da farashi, injiniya ya ce kwandon ne da rashin motar sanyi, na ilimin zamantakewa kuma ya ce ai ba ka fahimci komai ba sai ka san yadda amana da bashi ke tafiya tsakanin manomi da direba da dillali. Kuma duk cikinsu ba wanda ya yi ƙarya.

Dalilin ke nan da ya sa ake buɗe kwasa-kwasan mastas da PhD masu haɗa fannoni, kuma a ƙasar nan yawanci a cibiyoyi za ka same su, ba a cikin sashe ba. Tun 2014 Bankin Duniya ya fara zuba kuɗi a cibiyoyin ƙwarewa da ake kira ACE a jami'o'in Afirka. BUK na da ta noma a yankuna masu ƙarancin ruwa, nan jami'ar jihar Legas, LASU, da ke Ojo kusa da Alaba Rago akwai wadda ta shafi koyar da kimiyya da lissafi, UNILAG a Akoka ma tana da cibiyar nazarin gidaje da ci gaba mai ɗorewa, wanda ga garin da mutum shida ke kwana a ɗaki ɗaya ai ba sai an yi dogon bayani ba. Ni dai ina son irin wannan karatun, kuma ina ganin shi ya fi kama da rayuwa.

Amma fa akwai inda gizo ke saƙa, musamman ga wanda burinsa ya koyar a jami'a.

Akwai wani yaro da muke unguwa ɗaya a Agege, jogirafi ya karanta a wata jami'a a arewa, bautar ƙasa ta kawo shi Legas ya zauna. Ya yi mastas na muhalli da ci gaba, irin wanda aji ɗaya za ka ga lauya da likita da ma'aikacin banki, ya gama da sakamako mai kyau, ya fara aika takardun neman aikin lakcara. Wata rana bayan la'asar ya same ni ya ce, "Yaya, ni fa na rasa inda zan sa kaina. Sashen jogirafi sun ce mastas ɗina ba nasu ba ne, na tattalin arziki sun ce digirina na farko ba nasu ba ne, cibiyar da na yi karatun kuma ba ta ɗaukar malamai nata na kanta, aro take yi daga sassa." Na ce masa ai haka tsarin yake, ba wai wani ne ya tsane ka ba.

Domin jami'a a Najeriya sashe ne ginshiƙinta. Sanarwar ɗaukar aiki za ta ce digiri na farko mai kyau a fannin da ya dace. In NUC, hukumar da ke kula da jami'o'i, ta zo tantance kwas, malaman sashen take ƙirgawa ta duba takardunsu, shugaban sashe kuwa ba zai so a ce masa wannan ba ɗan fannin ba ne. Ƙarin girma daga mataimakin lakcara har zuwa farfesa da maƙalu ake yinsa, kuma a manyan matakan farfesoshin waje na wannan fannin ake aika wa su auna. Sannan ga wani abu da yara da yawa ba sa sani sai sun biya kuɗin fom, mastas iri biyu ne, akwai na bincike mai kundi wanda ke kai mutum PhD, akwai kuma na ma'aikata irin su MBA da MPA wanda ake yi da yamma ko ƙarshen mako, shi wannan na biyun galibi ba a shiga PhD da shi kai tsaye, kuma da yawa daga kwasa-kwasan nan masu sunaye masu daɗi a wannan layin suke.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. A ce ma an ɗauke ka. Wa ya koya maka koyarwa?

Malamin firamare sai yana da NCE, sai ya yi gwajin koyarwa an zo an zauna a bayan aji an duba shi, ga rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai, wadda aka kafa tun 1993. Amma wanda zai tsaya gaban ɗaliban aji ɗaya na jami'a, su ɗaruruwa a babban ɗakin lakca, wasu a kan taga wasu a tsaye, lasifika ta mutu, abin da ake tambayarsa kawai takardar digiri ce. Sai ya yi abin da ya ga an yi masa, ya buɗe tsohon littafin rubutunsa ya yi ta karanto musu suna kwafa har awa biyu, a jarrabawa kuma su dawo masa da kayansa yadda ya ba su. PhD na koya maka ka tono abu guda har ƙasa, ba ta koya maka yadda ake tsara kwas na zango guda ba, ko yadda ake rubuta tambayar da haddar dare ɗaya ba za ta amsa ba, ko yadda za ka gane cewa rabin ajin sun ɓace tun minti goma na farko.

Wasu ƙasashen sun daɗe da ganin wannan giɓin. A Amurka tun 1993 aka fara wani shiri na horar da ɗaliban PhD kan aikin koyarwa kafin su gama. A Ingila bayan rahoton kwamitin Dearing na 1997 kan ilimi mai zurfi jami'o'i da yawa suka mayar da shi al'ada sabon lakcara ya yi ƙaramin satifiket na koyarwa a jami'a cikin shekarunsa na farko. A nahiyar nan ma akwai PedaL, shirin koya wa malaman jami'a dabarun koyarwa, da aka fara a 2018 daga Nairobi, kuma Jami'ar Ibadan na ciki. Mu abin da ya fi kusa da hannunmu shi ne PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, ana yi a tsangayoyin ilimi da jami'ar karatu daga gida ta NOUN da cibiyar horar da malamai ta NTI da ke Kaduna, yana da amfani ƙwarai amma an fi gina shi a kan sakandare, gwajin koyarwar ma can ake tura mutum. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na biya wa malamai mastas da PhD da zuwa taruka, madalla, sai dai a kwamitin ƙarin girma maƙala ita ce mai nauyi, iya koyarwa ba kasafai ake auna shi da gaske ba.

Wani abu kuma da na lura da shi, waɗannan da ake cewa ba su da gida sau da yawa su suka fi iya bayani. Mutumin da ya shekara biyu yana gabatar da aikinsa gaban lauya da likita, ana katse shi ana cewa malam dakata me kake nufi da wannan, dole ya koyi sauko da magana ƙasa ba tare da ya lalata ta ba, kuma ɗalibin aji ɗaya abin da yake buƙata ke nan. A ƙarshen 2022 NUC ta fito da sabuwar manhaja, CCMAS, ta riƙe kashi 70 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta, wanda a ganina kwasa-kwasan da za su cike wannan kashi 30 ɗin irin waɗannan mutanen ne za su fi iya ɗaukarsu, in an bar su sun shigo.

Shi dai yaron namu yanzu yana koyar da jogirafi a wata sakandare mai zaman kanta a nan Agege, Asabar yana zuwa PGDE. Ya koma ya nemi PhD a sashen jogirafi, sun ce sai ya fara da MPhil tukuna, wato digirin bincike da ke tsakanin mastas da PhD, ya kuma roƙa a haɗa masa mai duba aiki na biyu daga sashen tattalin arziki. Shugaban sashen ya ce ya rubuto a takarda za a kai zaman kwamiti.