Gwangwanin da ke cikin akwatin ƙarfe

Asabar, 21 ga Yuni 2025, Agege

Ruwan da aka kwana ana tafkawa bai tsagaita ba sai da aka yi kiran assalatu. Na sauko daga gado zan yi alwala, ƙafata ta faɗa cikin sanyi. Ashe kwanon ɗakinmu ne ya sake yoyo ta kusurwar da mai gyara ya rantse ya toshe tun kafin azumi, ruwan ya bi bango ya shige ƙarƙashin gado. Ledar ɗaki ba ta dame ni ba, takalman Babansu ma ko a jikina. Gabana ya faɗi ne saboda akwatin ƙarfena yana can ciki.

Ina sallame salla na jawo shi. Da akwatin nan aka kawo ni Legas a 2010, ina amarya, a motar dare daga Kano, ban daina kuka ba sai da muka wuce Zariya. Yau gindinsa ya yi tsatsa, ruwa ya samu ƙofa. Shekara 15 ke nan a garin nan amma har yanzu danshinsa mamaki yake ba ni. A gida ka ajiye zani a ƙasan akwati, ka ɗauko shi bayan shekara goma, ƙamshin turaren wuta kawai za ka ji. Nan kuwa da Yuni ya kama, gishiri narkewa yake a kwano, ashana ta ƙi kamawa, takalmin fata ya fitar da farin gashi kamar tsoho.

Babansu yana shirin fita Oko-Oba, duk da kasuwar shanu ta yi sanyi tun bayan layya, ya leƙo ya tarar da ni a zaune dirshan na baje tsummokara. Ya ce, "Subhanallahi, yau Gidan Makama ne ya sha ruwa?" Haka yake kiran akwatin, wai gidan tarihina. Na harare shi, ya yi dariya ya ɗauki lemarsa, ya ce zai turo mai gyara. Mu dai gani a ƙasa.

Kwatar lungunmu ta cika ta tumbatsa, don haka na hana yara zuwa Islamiyya. Na aiki Sadik ya sayo burodi a bakin titi, muka sha shayi, sannan na shimfiɗa tabarma a falo na fara fito da kaya ɗaya bayan ɗaya don su sha iska. Ba su taɓa ganin cikin akwatin ba. Kullum sai sun yi barci nake buɗewa.

A cikinsa akwai wani tsohon gwangwanin biskit, shi ne asalin ma'ajiyar. Murfinsa bai rufu sosai ba, ruwa ya taɓa takardun da ke ƙasa. Wanda ya fi cin wuya shi ne zanen da Sadik ya yi min lokacin kullen korona a 2020, yana ɗan shekara biyar. Danfo ce ya zana, rawaya da baƙin layinta, ga yaron mota ya maƙale a ƙofa da baki buɗe, ga ni a gidan gaba da mayafi ya fi motar tsawo. Makonnin nan da aka rufe gari, ba makaranta ba kasuwa, da kwali da murfin kwalba da ragowar fensir mai launi na riƙe yaran nan a ɗaki biyu. Mu da muka tashi da motar kara da 'yar tsana, ina za ka ga karan dawa a Agege? Sai kwalin taliya ya zama mota, murafen lemo suka zama tayoyi. Yau rawayar ta narke ta bi takardar, fuskar yaron motar ta tafi. Na nuna wa mai zanen ina jiran ya ji abin da na ji, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Umma ai wannan bai yi kyau ba ma, bari in zana miki jirgi." Tun da jirgin ƙasan nan mai jan layi ya fara ɗaukar mutane a Oktoban bara yana tsayawa a tashar Agege, yaron nan bai san wani zane ba sai jirgi. Haushi ya kama ni, na rasa wa zan ji wa. Shi yana da wani zanen a hannunsa gobe. Ni ce ba ni da wani Sadik ɗan shekara biyar.

Auta Hanifa ita ta gano ƙullin takardar da haƙora ke ciki. Ta kwance ta yi ihu, ta ce na ajiye ƙashin mutane. Na ce har da nata na watan jiya, wawulo kawai. Na ba su labarin yadda muke yi muna yara, ka jefa haƙorinka kan rufin ɗaki, ka yini kana rufe baki kar ƙadangare ya ga gurbin, don an ce in ya gani wani ba zai fito ba. Nan take ta sa hannu ta toshe baki, don ƙadangarun gidan nan sun fi 'yan haya yawa.

Yayarsu ba ta ce komai ba duk wannan lokacin. Tana gefe tana jera kayan a kan tabarma, tana juya kowanne. Ita ce ta fari, kuma sunan mahaifiyar Babansu ta ci, kunya biyu ke nan a kaina. Shekara 14 ban taɓa kiran sunanta da bakina ba. "Ke" ce, ko "Yayarku" in da ƙannenta nake magana. A Kano na haife ta, a ɗakin Hajiya, na yi wankan jegona na kwana arba'in da kunun kanwa da komai, kuma a kwanakin nan in baƙi suka shigo barka ko kallon inda take ba na yi. Haka na ga an yi, haka aka yi wa yayarmu. Ban ce al'adar ba ta da kyau ba, tana koya wa mutum kamun kai, kuma ɗan fari na dangi ne kafin ya zama naka. Sai dai a gida akwai kakanni da gwaggonni da za su yi wa yaro wasan da uwa ba za ta yi ba. A ɗaki biyu a Legas, daga ni sai ni. Wannan lissafin ban yi shi da wuri ba.

Abin dariyar shi ne maƙwabtana Yarabawa da sunan nata suke kirana. Su a wajensu girmamawa ce a kira mace da sunan ɗanta na fari, shi ya sa maƙwabciyata kowa ya san ta da Iya Tope, ni ban ma san sunanta na yanka ba sai da muka shekara uku. Farkon zuwana da jaririya, in suka ƙwala min kira daga bakin famfo, "Iya wance!", ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Yanzu kuwa, tunda littafina ne bari in faɗa, daɗi nake ji. Wani ya faɗi sunan a madadina, ni nawa amsawa ne.

To ita ce yau ta zauna tana ƙirga. Abin hannun roba na asibiti, nata. Rigar suna 'yar mitsitsiya, tata. Guntun allon da ta fara Fatiha a kai kafin ya tsage, nata. Wata takarda da ta rubuto min tana aji biyu, Hausar duk a karkace irin ta 'ya'yan Legas, wai tana sona fiye da burodi. Sai naira ashirin ta leda, wadda ruwa bai yi wa komai ba, Murtala a gaba, Ladi Kwali a baya tana ginin tukunyarta. Kuɗin yawon sallarta ne na farko tana shekara huɗu, ta kawo min ta ce in ƙara in saya mana gida. Yau ko ruwan leda ɗaya ba za ta saya ba.

Ta ɗago ta ce, "Umma, ashe kayana sun fi yawa."

Na ce, "Ke kika riga su zuwa, dole naki su fi yawa. Miƙo min almakashi."

Ta miƙo. Ba ta ƙara magana ba, amma na ga bakinta yana motsi kamar mai ɓoye murmushi, ni kuma na duƙufa kan neman allin tela da yake a gabana.

Maganar almakashi kuwa, dama akwai aikin da na daɗe ina ɗagawa. In Allah ya kai mu Satumba Yayarsu za ta koma Kano wajen Hajiya ta ci gaba da babbar sakandare, an gama wannan shawarar tun da azumi. Yarinyar da ba ta san sanyin hunturu ba sai a labari. Na yi niyyar haɗa mata bargo da ragowar ƙyallayen da nake karɓowa wajen tela duk ɗinkin salla, don ni ba na barin ko tafin hannu na atamfar da na sha rana a Balogun na saya. Buhu guda suka tara. Da na ga yadda fumfuna ta fara cin kayan jariran nan, sai na ce gara su shiga cikin bargon su yi amfani da a ce danshi ya cinye su a akwati.

Na yanka kwali murabba'i, inci bakwai kowane gefe, shi ne ma'auni. Lissafina layi goma, kowane layi ƙyalle takwas, tamanin ke nan. Sadik yana ɗora kwalin yana zagayewa da alli, Yayarsu tana yanka, Hanifa kuma aka ba ta sarautar zaɓen wanda zai zauna kusa da wane, ta ɗauki abin da zafi har da korar wani ruwan toka wai ba shi da fara'a. An ɗauke wuta tun dare, amma kekena Butterfly ne na ƙafa, ba ruwansa da wuta. Na jawo shi bakin taga.

Shadda ta ba ni wahala, santsi gare ta, tana zamewa a ƙarƙashin allura in an haɗa ta da atamfa. Leshi kuwa na cire shi gaba ɗaya, ba ya jure wanki. Sau biyu ina farke layi saboda alamar Sadik ta karkace, yana yi yana leƙen taga ko ruwa ya janye ya fita ƙwallo. Amma daɗin aikin shi ne kowane ƙyalle da labarinsa, kuma su suka fi ni tunawa. Wannan na sallar da Hanifa ta ɓata a filin idi ne na minti goma da suka zame min shekara. Wancan ankon bikin ƙanwar Babansu ne. Wannan kore shi na saka ranar da muka fara hawa gadar Pen Cinema bayan an buɗe ta a 2021, Sadik ya sa mai mota ya yi dariya da ya tambaya ina aka kai cunkoson da ke ƙasa.

Wajen azahar Iya Tope ta leƙo aron turmi, ta ga falo kamar shagon tela. Da ta ji na wace ce, ta koma ɗakinta ta dawo da guntun adire mai shuɗi, ta ce daga Abeokuta uwarta ta kawo mata, a sa wa 'yarta a ciki don kar ta je Kano ta manta da su. Shuɗin ya tuna min da rinin baba na Ƙofar Mata. Hanifa ta ba shi tsakiya.

Sai muka zo kan zanen goyo. Atamfa ce mai ruwan goro, ta koɗe ta yi laushi kamar auduga, gefe ɗaya ya ɗan yi baƙin danshi. Da shi na goya Yayarsu daga Kano har Legas, da shi na yi ta zagaye tsakar gidan nan da ita cikin dare lokacin haƙori. Ƙannenta ban goya su da shi ba, na ce wa kaina ya tsufa ne. Na ɗora kwali a kai, na karɓi alli, hannuna ya tsaya.

Ta ce, "Umma, kar a yanka wannan."

Na ce ai ba shi da amfani a haka.

Ta ce, "A sa shi a baya, ta ciki. Yadda yake."

Na auna. Faɗinsa ya ɗan gaza, sai an ƙara masa wani a gefe, amma zai yi. Ban ce mata ta kyauta ba. Na ce ta je ta jiƙa shi da ruwan ɗumi da sabulu, ta bi wajen baƙin a hankali kar ta murza. Ta ɗauka ta fita, na ji ta a bakin famfo tana 'yar waƙa.

Bayan la'asar na kira Hajiya na ba ta labari. Ta yi ta dariya, ta ce zaman kudu ya mayar da ni mai tara shara, ita zanen da ta goya mu da shi mutum shida ya goya, ƙarshensa tsumman goge ɗaki ya zama kuma ba wanda ya mutu. Sannan ta ce in sa bargon ya yi kauri, in samu tsohon zani in shimfiɗa a tsakiya, don ɗakin da ta gyara wa ƙawar tata yana kallon gabas, iska tana shiga. Ashe har ta gyara ɗaki. Saura wata biyu da 'yan kwanaki.

Zuwa magariba mun yanka hamsin da biyu, na haɗa layi uku. Bayana ya riƙe, farin zare ya ƙare. Tuwo ma sai Yayarsu ce ta tuƙa. Babansu ya dawo ba mai gyara, ya ɗaga layukan ya duba, ya nuna wata shadda ruwan sama ya ce ai wannan rigarsa ce da yake nema tun bara. Ba ita ba ce. Ko da ita ce, ta riga ta shiga.

Da suka kwanta na goge gwangwanin, na shanya takardun a kan tebur na danne su da faranti, na zuba kafur. Zanen danfo na mayar da shi yadda yake, da narkakkiyar rawayarsa, na ɗora sabon jirgin Sadik a kai. Ina cikin mayar da kaya na ga abin da ban sa ba: ɗan ƙyalle shuɗi mai duhu, an yanka shi daidai inci bakwai, daga tsohon hijabinta na makaranta. Ba ta ba Hanifa ta jera shi a bargo ba. Ninke shi ta yi ta tura ƙarƙashin naira ashirin ɗin.

Na rufe gwangwanin na ɗora shi can saman kabad. Hadari ya sake haɗowa ta wajen Ikeja, na sa baho a kusurwar da ke yoyo. Zanen goyon yana kan igiya a falo, bai bushe ba tukuna.