Na bi diddigin sunan Bello da muke amsawa

Tun ina firamare nake rubuta Bello a ƙarshen sunana, kuma a raina na riga na yanke cewa mu jinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837. Ba wanda ya taɓa gaya min haka. Da Allah ya ba ni ɗa, sai na ga ya kamata in san abin da zan gadar masa.

Da intanet na fara. Shafin farko ya ce Bello sunan mutanen Italiya da Sifen ne, ma'anarsa kyakkyawa. Ba ƙarya aka yi ba, don akwai Andrés Bello, masanin nahawu da shari'a da aka haifa a Karakas ta ƙasar Venezuela a 1781. Amma nasu daban, namu daban, haruffa ne kawai suka yi karo. Shafukan da ke ƙirga masu suna kuwa a kwando ɗaya suke zuba mu, shi ya sa na bar alƙalumansu a inda na gan su.

Wani abokina Bafillace, malamin makaranta, shi ya warware min. Namu daga Fillanci ya fito, daga tushen da ya ba da "ballal", wato taimako. Bello mataimaki ke nan. Laƙabi ne da ake yawan liƙa wa mai suna Muhammadu, kuma darajar Sarkin Musulmi ta ƙara yaɗa shi, har ga shi yau a Adamawa, a Ilori, da cikin Yarbawa Musulmi. Sardauna Ahmadu Bello jininsa ne na gaske, ta wajen kakansa Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba. Sauran dubbai kuwa albarkacin suna suka ci.

Da wannan na je wurin Gwaggo, yayar mahaifina. Na tsuguna na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, wai mu jikokin Sarkin Musulmi ne?" Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya faɗa maka? Sunan Baffa ne." Har muka gama hira ba ta kama sunan da bakinta ba, Baffa kawai take cewa. Wannan kunyar ta taɓa ni ƙwarai.

Ashe Muhammadu aka raɗa wa kakana ranar suna, aka bi shi da Bello. Ranar da aka kai mahaifina boko, malami ya tambayi sunan uba, aka faɗa, ya rubuta a rajista. Shi ke nan ya zauna. Wani ƙanin mahaifina da sunan garinsu aka rubuta shi, irin yadda Aminu Kano da Shehu Shagari suka ɗauki na garuruwansu, wani kuma da laƙabin sana'ar gidan. Uba ɗaya, sunaye uku a takarda, kuma 'ya'yansu yanzu suna iya haɗuwa a jami'a ba su san juna ba. Wannan ya fi damuna fiye da rasa sarautar da na ɗora wa kaina.

Abin da na gane shi ne sunan ƙarshe na takarda bai kai salsala ba. Da zan sake, da dattawa zan fara, in tambayi kowa sunan yanka dabam, laƙabi dabam, domin nan ake rikicewa. Na kunna waya na naɗi muryar Gwaggo, ta lissafo min kakanni huɗu a bayan Baffa, da inda kowannensu ya zauna da abin da ya tashe shi. A na biyar ta tsaya, ta ce akwai wata takardar ajami a cikin gafakar Alƙur'anin Baffa, tana hannun wani ɗan'uwanmu. Na kira shi, ya ce in zo ranar Juma'a bayan an sauko.