Makullin da na ɗaure a haɓar zani

Ranar da Hajiya ta aiko in zo gida yanzu-yanzu, na ɗauka rasuwa aka yi. Na tarar da ita zaune a tsakar gida da baƙar leda a cinya, cike da fankon katin ƙwaya da ta kwaso a ƙarƙashin katifar Auta. Ba ta yi boko ba, amma ba ta buƙaci kowa ya karanta mata ba. Ni ce na ɗaga kati ɗaya na duba. Tramol ne, mai lamba 225.

Auta tela ne, kuma ba don yana ƙanina ba, yana da hannu a ɗinkin maza. Ɗinkin Sallah ne ya ja masa. Duk wanda ya taɓa leƙa shagon tela a goman ƙarshe na azumi ya san ba a barci: shadda jibge har rufi, kowa ya shigo da rantsuwa ya fita da faɗa. Wani abokin sana'arsa ya gutsura masa rabin ƙwaya, ya ce za ta kai shi sahur bai ji bayansa ba. Ta kuwa kai shi. Sallah ta wuce, ƙwaya ta zauna. Bayan shekara uku yana haɗiyar huɗu a yini, miligiram 900 ke nan, alhali iyakar abin da likita ke yarje wa mai ciwo na gaske 400 ne. Da na ritsa shi a ɗaki, bai yi musu ba. Ya ce, "Yaya, wallahi daɗinta ya daɗe da ƙarewa. Yanzu don in iya tashi daga kan katifa nake sha."

Aka yi zaman 'yan uwa. Kawu ya ce gidan mari, ya san wani malami da ba ya wasa. Ni kuwa hotunan nan na watan Satumban 2019 ba su bar idona ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Na ce asibiti. Hajiya ta dafe ƙirji. A Kano in aka ce an kai mutum asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ai an gama magana, kuma abin da ke ranta ɗaya ne: "Wa zai ba shi 'ya bayan wannan?" Muka tashi baram-baram.

Wata ƙawata ma'aikaciyar jinya ce ta warware mana. Ta ce ba kowa ake kwantarwa ba. Akwai waɗanda likitan ƙwaƙwalwa ke duba su, ya rubuta magani, su koma gida, su riƙa dawowa a ranakun da ya sa musu. Hajiya ta yarda da wannan, don dai maƙwabta ba za su ga ɗakinsa a rufe ba.

Ranar farko na sa niƙabi don kada a gane ni, sai na tarar rabin matan da ke kan benci ma haka suka yi. Wasu 'ya'yansu suka kawo, wasu kansu. Daga baya na ga rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019: mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki magungunan kashe zafin ciwo irin su Tramol suke sha ba bisa ƙa'ida ba, kuma duk mutum huɗu ɗaya mace ce. Gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun watan Mayun 2018, bayan binciken da BBC ta nuna, amma a unguwarmu dai abin da na gani an sayar da kare ne an sayi biri.

Likitan bai yi gaggawar ɗaukar biro ba. Ya fi rabin awa yana tambaya. Ya ce da Auta, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan Tramol me kake haɗawa? Rochi? D5? Kodin? Allura?" Ya tambaya ko ya taɓa faɗuwa yana jijjiga, ko ya taɓa tunanin kashe kansa, ko yana jin muryoyi. Aka gwada fitsari, aka ɗebi jini. Sannan ya juyo gare ni ya yi bayanin dalili. Wanda jikinsa ya saba da ƙwayoyin sa barci irin su Rochi ko D5, in aka yanke masa farat ɗaya farfaɗiya na iya kama shi har ta kai ga rai, don haka irinsa gado ake ba shi. Haka mai juna biyu, da wanda hankalinsa ya riga ya taɓu, da wanda ba shi da kowa a gida. Auta ya tsallake waɗannan duka, saura sharaɗi ɗaya: wa zai riƙe maganin?

Hajiya ba za ta iya ba, kuka biyu zai yi mata ta miƙa masa. Na roƙi maigidana, Allah Ya saka masa, ya bar masa ɗakin soro. Na zuba magungunan a durowar gadona na kulle, na ɗaure makullin a haɓar zani kamar tsohuwa mai adashi.

Tsarin shi ne a sauko da shi daki-daki. Likita ya raba shi da ta kasuwa, wadda ba wanda ya san ainihin abin da ke cikinta, ya mayar da shi kan mai 50 ta kantin asibiti, ƙasa da iyakar nan ta 400, sannan ya riƙa ragewa duk 'yan kwanaki har ta ƙare cikin kusan wata guda. Da gangan na ƙi rubuta jadawalin a nan. Na Auta ne, an auna shi da jikinsa, kuma na san halinmu na ɗaukar takardar wani mu nufi kemis.

Kwana ukun farko ba zan manta da su ba. Hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na yoyo, hawaye na zuba ba kuka yake ba. Zufa ta jiƙa riga amma tsikar jikinsa a tashe, yana neman bargo a tsakiyar zafin Kano. Ciki na murɗawa, gudawa, amai. Abin da ya fi ba shi wuya ƙafafu ne: ba sa zama wuri ɗaya, ya kwanta ya tashi, ya zaga soro ya dawo, har asuba. Likita ya riga ya gaya mana Tramol fuska biyu gare ta. Tana aiki irin na danginta su kodin, tana kuma taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa da magungunan ciwon damuwa ke taɓawa. Shi ya sa mai barin ta ke samun ƙarin faɗuwar gaba da firgita, wani ma ya ji kamar lantarki na fizgar sa a ka. Da ban ji wannan tun farko ba, da na ce iska ce, don dare ɗaya ya riƙe hannuna yana rawa yana cewa mutuwa zai yi.

An ba mu klonidin, wanda asalinsa maganin hawan jini ne amma yana kwantar da zufar da bugun zuciyar. Saboda yana saukar da jini, sai da na ari na'urar awo a wurin maƙwabciya, ina aunawa kafin in ba shi, in ya yi ƙasa in dakata in kira asibiti. Sai maganin gudawa, da na ciwon gaɓoɓi, da ruwan gishiri da sukari kofi bayan kofi. Kunu kaɗai cikinsa ke riƙewa. Hajiya tana aiko da zamzam da rubutu, na tambayi likita, ya ce a ba shi, addu'a ba ta faɗa da magani, kada dai a ajiye ɗaya saboda ɗaya.

A dare na uku ya durƙusa a ƙofar ɗakina. "Yaya, don girman Allah guda ɗaya. Ta gobe ki ba ni yau." Na zauna a bayan ƙofa, makulli a hannu, ina kuka yana kuka. Ban buɗe ba. Ba ƙarfin hali gare ni ba, maigidan ne ya fito ya ja shi suka tafi masallaci tun kafin kiran farko.

Da ƙwayar ƙarshe ta ƙare, ya sake ɗan jigata na kwanaki, sannan ya fara cin tuwo, ya fara tsokanar yara. Hajiya ta yi sadakar waina. Kowa ya ce an gama. Likita kaɗai ne bai yi murna yadda na so ba. Ya ce da ni, "Fitar da ita daga jini shi ne mai sauƙin. Yawancin waɗanda aka tsaya da su a nan komawa suke yi." Na ji haushinsa a ranar.

Sai da Auta ya yi kwana goma babu komai a jikinsa, fitsari ya tabbatar, aka duba hanta, sannan aka ɗora shi a kan naltrekson, ƙwaya ɗaya kullum. Yadda na fahimce shi, kamar a cusa karan ashana ne a ramin kwaɗo: wurin da ƙwayar ke shiga ta yi aiki a ƙwaƙwalwa ya toshe. In aka sha shi da sauran Tramol a jiki, duk azabar nan ce za ta dawo lokaci guda, shi ya sa ake jira. Yana da tsada, kuma mun sha yawo kafin mu samu. Likitan ya ambaci wasu biyu, metadon da bufrenofin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna tun 2005. Ya ce su suka fi riƙe wanda abin ya yi wa katutu, ana shan su wata da watanni ko shekaru a ƙarƙashin kulawa, sai dai samunsu a wajenmu aiki ne.

Duk mako biyu kuma yana zama da wata mai ilimin halayyar ɗan Adam. Ita ta sa shi ya rubuta abubuwan da ke tayar masa da marmari, da hannunsa, a littafin awon kwastomomi. Na ga shafin: teburin mai shayin bakin layi, kuɗi a aljihu da yamma, ciwon baya, faɗa da Hajiya. Ta koya masa cewa marmarin tasowa yake ya kai ƙololuwa ya kwanta, in ya samu abin da zai riƙe shi na ɗan lokaci, ko alwala ce, ko kiran waya. Ya canza layi. Ya daina zama a majalisarsu, suka sa masa suna Ustaz. Barci ne bai dawo daidai ba sai bayan wajen wata biyu, kuma akwai ranakun da zai zauna shiru, ya ce komai ba ya masa daɗi.

Kuskurena ya zo a wata na biyar. Na gaji, gaskiya, kuma na ga ya yi ƙiba, sai na kwance makullin na miƙa masa maganinsa, ya koma gidan Hajiya. Azumi ya kama. Ya bar shan naltrekson bai gaya wa kowa ba, wai sahur yana mantawa.

Daren 24 ga wata aka kira maigidana. Auta ya faɗo daga kan kujerar keke yana jijjiga, ya ciji harshe. Yaran shago sun tura masa cokali a baki, wani ya ruga neman madara. Don Allah a daina wannan: a kwantar da mutum a gefensa, a kawar da abin da zai buge shi, kada a sa komai a bakinsa, a nemi mota. Da ya farfaɗo ya ce uku ya haɗiya, "ko adadin da ma ban kai ba." Nan ne gizo ke saƙa. Jikin da ya ɗauki huɗu a da ba shi ne na wannan daren ba, sabon da ya yi da ita ya goge. Likitan ya ce wanda ya daina ya dawo ya fi wanda bai taɓa dainawa ba shiga haɗari, domin da tsohon awonsa yake dawowa. Mai Tramol farfaɗiya ce ta fi kama shi, mai kodin ko hodar da ake yin allura da ita numfashi ne ke tsayawa, kuma akwai allurar nalokson da ke dawo da shi in an kai mutum da wuri.

Mako guda ban yi masa magana ba. Kawu ya zo dubiya, ya ce, "Ban faɗa muku ba?" Na yi zaton likita ma faɗa zai yi. Sai ya jawo kujera ya ce Auta ya ba shi labarin ranar tun daga sahur, sannan jiya, sannan shekaranjiya, suna ja da baya. Sai ga shi abin bai faro daga ƙwaya ba. Ya faro ne tun kafin a ga wata, ranar da ya karɓi ɗinki kala sittin shi kaɗai, don yana so ya biya ni kuɗin da na kashe a kansa. Wannan ne ya kashe min jiki.

Tunda sau ɗaya ya sha, ba a sake doguwar saukowa ba. Aka jira kwanakin da ake jira, aka mayar da shi kan naltrekson, makulli ya koma haɓar zani. Yanzu da safe yake biyowa ta gidana kafin ya buɗe shago, in ba shi, ya haɗiya a gabana, ya sha koko ya wuce. Wani lokaci yana jin kunya, in ce masa ai ni na goya ka.

Azumin bana kala ashirin da biyar ya karɓa. Ran 5 ga wata ya rubuta da alli a jikin ƙofar shago cewa an rufe karɓar ɗinki, kuma ƙarfe goma sha ɗaya yake kashe keke. Wani tsohon kwastomansa ya zo da shadda har gida wurin Hajiya, wai ta sa baki. Ta karɓi ledar, ta juya ta, ta yaba yadin, ta mayar masa. Ta ce ya dawo bayan Sallah. Ranar Talata mai zuwa muke da ganin likita, kuma Auta ya ce wannan karon shi zai biya kuɗin a-daidaita-sahu.